Wa Ke Duba Lafiyar Ɗan Firamare a Abaji?

A tsarin kiwon lafiyar ƙasar nan akwai wata iyaka da ba a rubuta a bangon kowane asibiti ba, amma duk uwar da ta yi goyo ta san da ita: wata 59. Daga haihuwa zuwa wannan iyaka, yaro yana da kati. Ana ɗora shi a sikeli ranar allura, ana ɗiga masa bitamin A sau biyu a shekara a makon lafiyar mata da yara, ana zagaya masa tef mai launi uku a dantse don a ga ko tamowa ta fara cin sa, in damina ta kankama kuma masu rabon maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro su bi shi har tsakar gida. Ba kowane yaro ke samun duka ba, musamman a ƙauye, amma dai an tanadar masa. Da zarar ya cika shekara biyar sai katin ya koma ƙarƙashin katifa, a ɗinka masa yunifom a tura shi makaranta. Daga nan ba mai sake auna shi, ba mai leƙa idonsa ko kunnensa, sai ranar da ciwo ya kwantar da shi.

Ni malamin firamare ne. A makarantun gwamnati, wato LEA, na ƙaramar hukumar Abaji na yi yawancin aikina, a cikin gari da kuma ƙauyukan da in ruwa ya sauka sai babur ya yi da gaske kafin ya kai ka. Yaran da aka sallama a wata 59 su ne ake kawo mana aji ɗaya. Ra'ayina a taƙaice shi ne: duk yaron da ke makaranta a Abaji ya cancanci a duba lafiyarsa da yanayin girmansa sau ɗaya a shekara, a rubuta, kuma abin da aka gano a bi shi har sai an magance. Wannan na ƙarshen shi ne ginshiƙin maganar, shi ne kuma aka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

Ko alƙaluman ƙasa ma a wannan iyaka suke tsayawa. Babban binciken lafiyar al'umma na 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara biyar a Najeriya sun tsumbure, wato tsawonsu bai kai na shekarunsu ba, kuma kashi 68 cikin ɗari na 'yan wata 6 zuwa 59 suna da ƙarancin jini. Binciken da aka sake yi a 2023 zuwa 2024 ya nuna tsumburewar ta hau zuwa kashi 40. To ina waɗannan yara suke tafiya? Ɗan shekara ukun da aka ƙidaya a 2018 yanzu yana gab da gama firamare ko ya gama, kuma da jikin nan nasa ya zauna a gabanmu shekara da shekaru. Masana irin su Farfesa Donald Bundy sun daɗe suna jan hankali cewa duniya ta tattara kulawarta kan kwana 1,000 na farkon rayuwa, alhali ɗan'adam yana buƙatar kwana kusan 8,000 kafin ya gama girma. Kwana dubun farko suna da muhimmanci, ba mai musu. Amma ragowar dubu bakwai ɗin, kaso mai yawa a cikinsu a kan bencin makaranta ake yin su, ko a ƙasa kan siminti inda babu benci.

Bari in faɗi abin da malami ke gani daga gaban allo.

Akwai wata yarinya da na taɓa koyarwa a aji huɗu. Rubutunta mai kyau ne, ba ta fashi, ba ta surutu. Amma duk abin da ke littafinta kwafin littafin ƙawarta ne, har da kurakuran. Ranar da ƙawar ba ta zo ba, shafinta fari fat yake kwana. A gida an riga an yanke mata hukunci cewa ba ta da kai, har ana shawarar a ɗora mata farantin talla a bakin titin Lokoja inda motoci ke tsayawa cin abinci. Wani abokin aikina da ya taɓa samun horo kan lafiyar ido ya zana harafin E a kwali, manya da ƙanana, wasu na kallon sama wasu na kallon gefe, ya auna taku daidai mita shida ya tsayar da ita. Layin farko kawai ta iya nunawa. Ba allon take gani ba sam. Kawunta ne ya ɗauki nauyin kai ta asibitin koyarwa na Gwagwalada, aka yanka mata gilashi. Kafin ƙarshen zangon tana cikin masu ɗaga hannu. Wannan yarinya ta yi sa'ar malami mai kwali da kawu mai kuɗin mota. Ban yarda a ce makomar yaro ta rataya a kan irin wannan sa'a ba.

Kunne ma haka. Yaron da kunnensa ke zubar da mugunya wata da watanni, an toshe masa da auduga, ƙuda na binsa, 'yan aji na gudun zama kusa da shi, sannu a hankali jinsa raguwa yake yi. Ka kira sunansa daga rajista bai amsa ba, sai a ce taurin kai ne, a sa bulala. Ga makero a ka, ga ƙazuwa tsakanin yatsu da ke zagaye aji guda cikin mako biyu, ga ruɓaɓɓen haƙorin da ke hana yaro barci. Duk waɗannan ido ke ganinsu, ba su buƙatar na'ura.

Wanda ido bai cika kamawa ba shi ne ƙarancin jini. Tun kafin a kaɗa ƙararrawar tara za ka ga wasu sun kifa kai a kan tebur. In ka ja fatar idonsu ta ƙasa sai ka ga fari maimakon ja, tafin hannu ma haka. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi ne, ɗan shekara 5 zuwa 11 da ƙarfin jininsa ya gaza giram 11.5 a kowace desilita yana da ƙarancin jini, kuma ɗigo ɗaya daga ɗan yatsa ya isa a gane cikin minti kaɗan. A yankinmu abubuwa huɗu ne ke haɗuwa su sha jinin yaro. Akwai zazzaɓin cizon sauro, wanda 'yan makaranta da yawa ke yawo da ƙwayoyinsa a jiki ba tare da sun kwanta ba. Akwai tsutsar ciki, musamman wadda ke shiga ta tafin ƙafar mai tafiya ba takalmi ta maƙale a hanji tana tsotso. Akwai cima: garin kwaki da safe, tuwo ko doya da dare, miyar ba kifi ba nama ba wake. Sai kuma tsargiya.

A kan tsargiya nake so in daɗe, domin ita ce cutar da muka saba da ita har muka daina ɗaukarta cuta. Kogin Gurara ya ratsa ƙasar Abaji ta wajen Yaba, ga rafuka da fadamu da kududdufai ko'ina. Yaro a nan yana tasowa ne cikin ruwa: wanka, wanki, kamun kifi, ɗiban ruwa, taya iyaye aikin shinkafa. Ƙwayar cutar tana girma ne a jikin wata ƙaramar katantanwar ruwa, ta fito ta huda fatar duk wanda ya shiga, ta je ta zauna a jijiyoyin da ke kewaye da mafitsara tana zuba ƙwai. Ƙwan ne ke yanka mafitsara, shi ya sa jini ke biyo bayan fitsari. Mai cutar ya yi fitsari a rafi, ƙwan ya ƙyanƙyashe ya koma jikin katantanwa, zagayen ya ci gaba. Har gobe akwai iyayen da za su ce maka ai alamar balaga ce, kowane namiji sai ya yi. Na ji wannan da kunnena daga bakin dattijan da nake girmamawa. Ba alamar komai ba ce face ciwo. In ta daɗe tana lalata mafitsara da ƙoda, tana iya kaiwa ga sankarar mafitsara. 'Ya'ya mata kuwa kunya ke sa su yi shiru, alhali cutar na taɓa mahaifa da al'aurarsu, ta jawo musu matsalar da sai bayan aure za a yi ta neman dalilinta. Najeriya ce ke kan gaba a duniya wajen yawan masu ɗauke da ita.

Abin takaicin shi ne maganinta kyauta ne. Kamfanin Merck na Jamus yana ba da ƙwayar praziquantel sadaka ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma ba a ma buƙatar sikeli: akwai sandar awo mai zane, a tsayar da yaro a jikinta, tsawonsa ya nuna ƙwaya nawa zai sha. Ana kawo rabon makarantu lokaci-lokaci tare da maganin tsutsar ciki, mu malamai muke bayarwa, kuma ina yaba wa masu wannan aiki. Sai dai akwai giɓi biyu. Yaron da ya fi kowa buƙata, wanda ke bakin rafi ranar rabo, shi ne ba ya samu. Sannan ba mai dawowa bayan wata shida ya tsoma ɗan tsinken gwaji a fitsari ya ga ko jinin ya tsaya. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sabunta shawararta: duk al'ummar da kashi 10 cikin ɗari ko fiye ke da cutar, a ba kowa magani duk shekara tun daga ɗan shekara biyu, har da manya. Ta yaya za a san ƙauyen da ya kai kashi goma in ba a gwada 'yan makarantarsa ba?

Mai ganin wannan ba ruwansa da karatu, ya duba abin da Edward Miguel da Michael Kremer suka gano a gundumar Busia ta Kenya, wanda suka wallafa a 2004: ba 'yan firamare maganin tsutsa ya rage fashin makaranta da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Masana sun yi ta muhawara kan girman tasirin, amma malamin da ya ga yadda yaro ke warwarewa bayan an raba shi da tsutsa ba ya buƙatar a ja masa dogon bayani.

Ga kuma sikila. Kusan ɗaya cikin kowane 'yan Najeriya huɗu yana ɗauke da rabin ƙwayar halittarta, kuma ana ƙiyasta jarirai kimanin 150,000 ake haifa da ita a ƙasar nan duk shekara. Da yawa suna kaiwa makaranta ba a taɓa gwada su ba. A sa su gudu a rana, a hana su fita shan ruwa, a sa su sharar fili da sanyin hunturu, washegari a ji suna asibiti. A nan maƙwabtanmu, cibiyar binciken sikila ta Jami'ar Abuja ƙarƙashin Farfesa Obiageli Nnodu ta gwada jarirai fiye da 3,000 a ƙananan asibitoci biyar na ƙaramar hukumar Gwagwalada, ranar allurar rigakafi, da ɗan abin gwajin da ba ya buƙatar lantarki, aka wallafa sakamakon a 2020. Ma'aikatan ƙaramin asibiti ne suka yi, ba manyan likitoci ba. Abin da ya yiwu a Gwagwalada zai yiwu a Abaji.

Wani zai zaci sabon abu nake nema. Tun 2006 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta fitar da manufar lafiyar makarantu ta ƙasa, kuma a ciki an tanadi duba yaro kafin a ɗauke shi, da dubawa lokaci-lokaci, da ajiye bayanan lafiyarsa, da akwatin taimakon gaggawa, da hanyar tura shi asibiti. Takarda ce mai kyau. Ka zaga makarantun karkara ka tambayi hedimasta littafin lafiyar ɗalibai, za ka ji amsa. Mu da muka yi firamare a da, mun san duban safiyar Litinin: a jera a layi, a miƙa hannu a ga farce, a wage baki a ga haƙori, a duba kai ko da kwarkwata, wani lokacin duba-gari ya leƙo makewayi da randar ruwa. Akwai tsangwama a ciki da ban so a dawo da ita, amma aƙalla wani babba yana kallon jikin yaro mako-mako da niyyar gano wani abu.

Abin da ya maye gurbin wannan yanzu shi ne gwajin kwana ɗaya. Wata ƙungiya ko gidauniya ko ɗan siyasa ya zo da motoci, a kafa rumfa, a rataya kyalle mai hoto, a jera yara a auna tsawo da nauyi, a raba buroshi da man goge baki, a ɗauki hotuna, kafin la'asar an kama hanyar Abuja. Ba na zargin niyyar kowa. Da yawansu matasan likitoci ne da ma'aikatan jinya da suka sadaukar da ranar hutunsu, Allah Ya saka musu. Amma na ga abin da ke biyo baya. A miƙa wa yaro 'yar takarda a ce ya kai wa babansa, an rubuta da Turanci cewa a kai shi ga likitan ido. Uban manomi ne, bai iya karantawa ba, in ma an karanta masa, kuɗin mota zuwa Gwagwalada da dawowa na mutum biyu da kuɗin kati da na gilashi sun fi ƙarfin abin da ke aljihunsa kafin kaka. Takardar ta ƙare a ƙunshin ƙosai. Sakamakon gwajin kuma ya tafi da masu gwajin. Makaranta ba ta da kwafi, asibitin unguwa bai san an yi ba. Baɗi wasu su zo su sake gano yaron nan da ciwon nan. Wannan kamar mutum ne ya hau rufin ɗaki duk shekara ya ƙirga inda ke yoyo, ya sauko ya tafi.

Tun 1968 wasu likitoci biyu, Wilson da Jungner, suka rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya ƙa'idojin gwajin jama'a, kuma cikin manyansu akwai cewa kada a nemi cuta sai akwai maganinta da wurin da za a yi maganin, kuma neman ya zama aiki mai ɗorewa, ba na sau ɗaya ba. Ingila ta koyi wannan darasi a aikace. Bayan yaƙin Boer ya tona cewa ɗimbin samarin da suka zo shiga soja ba su da ƙoshin lafiya, sai aka yi dokar ciyar da 'yan makaranta a 1906, aka wajabta duba lafiyarsu a 1907. Ba a jima ba suka gane dubawa kaɗai ba ta warkar da kowa, daga 1912 gwamnati ta fara ba da kuɗin yi wa yaran magani a ɗakunan shan magani na makarantu. Indiya, wadda talakawanta suka fi kama da namu, ta ƙaddamar da nata shirin a 2013: tawagar ma'aikatan lafiya na zagaya makarantun gwamnati, duk yaron da aka gano da matsala a tura shi cibiyar gunduma a yi masa magani kyauta.

Abaji mazaɓu goma gare ta, daga na cikin gari zuwa Nuku, Yaba, Gurdi, Gawu, Rimba Ebagi, Alu Mamagi da Agyana/Pandagi. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda burinsa shi ne kowace mazaɓa ta sami aƙalla ƙaramin asibiti ɗaya mai aiki. To a ɗaura kowace makaranta a wuyan asibitin mazaɓarta, da suna, a rubuce. A makonnin farko na zangon farko, malamin aji, bayan horon kwana ɗaya ko biyu, ya yi abin da ba ya buƙatar allura: gwajin ido da kwalin E, gwajin ji, awon tsawo da nauyi, duban fata da haƙori, da tambayar jini a fitsari cikin sirri. Tef ɗin dantse na ƙananan yara ne. 'Yan makaranta da jadawalin tsawo da nauyi na 'yan shekara 5 zuwa 19 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2007 ake auna su, kuma bango ɗaya ya ishe shi. Sannan malamin asibiti ya zo ya ga waɗanda aka ware, ya gwada jini da fitsari, ya ba da maganin da ke hannunsa nan take. Wanda ya fi ƙarfinsa a tura shi babban asibitin Abaji ko Gwagwalada, amma a tara su rukuni a ɗauke su a mota ɗaya tare da iyayensu, kada a sallami kowa da takarda. Gilashi kuwa a kawo shi makaranta a sa wa yaro a fuska. Kowane yaro ya sami kati guda da zai bi shi daga aji ɗaya zuwa aji shida, kwafi a makaranta, kwafi a asibiti.

Sai dai sikeli zai tona abin da ba ƙwayar da ke warkarwa, wato yunwa. Ranar rabon maganin tsargiya muna gaya wa yara kowa ya ci abinci kafin ya zo, domin in ya sauka a cikin da ba komai yana sa jiri da amai. A ranar ne za ka san yawan waɗanda ke zuwa da ruwa kawai a ciki, ba kuɗin tara, ba ɗumame. Tun bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023, da tsadar abincin da ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024, abin ya ƙara muni. Tarihin ciyarwa a makarantunmu kuwa tarihin farawa da tsayawa ne. A 2005 gwamnatin Obasanjo ta gwada shi a jihohi 12 da Abuja, jihar Osun ce kaɗai ta riƙe. A 2016 gwamnatin Buhari ta dawo da shi ga 'yan aji ɗaya zuwa uku a kan naira 70 kowane kwano. A watan Janairun 2024 gwamnatin Tinubu ta dakatar da shi tare da sauran shirye-shiryen tallafi don a yi bincike. Duk wanda ya koyar a lokacin da masu dafa abinci ke zuwa ya san yadda aji ke cika. Ina goyon bayan a hukunta duk wanda ya ci kuɗin abincin yara, amma cikin yaro ba ya jiran rahoton kwamiti.

Kuma ƙasar Abaji ba ƙasar yunwa ba ce. Doya, rogo, shinkafa, dawa, wake, gyaɗa, riɗi, waken suya, kifin Gurara, zogale a kowane shinge, mangwaro da yazawa har su ruɓe a ƙasa. Doyarmu ce matafiya ke cika but da ita a bakin titi. Abin da kwanon yaro ya rasa sau da yawa ɗan kaɗan ne: cokalin wake a kan shinkafar, dakakkiyar gyaɗa ko waken suya a kunu, ganye a miya, ƙwai ɗaya a mako. In awo ya nuna wa uwa a kan kati cewa ɗanta bai ƙaru ba tun bara, kuma malamar asibiti ta zauna da ita ta yi mata bayani da harshen da take ji, Hausa ko Egbura ko Gbagyi ko Bassa ko Fulatanci, wannan ya fi lacca goma a rediyo.

Akwai sharaɗin da ba zan sassauta a kansa ba: yardar iyaye. Mutanenmu ba su manta gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Kano a 1996 ba, kuma wannan tabo na cikin abin da ya rura ƙin allurar shan inna a 2003. A watan Oktoban 2017 jita-jita kawai cewa sojoji na yi wa yara allurar cuta ta sa iyaye suka yi ta rige-rigen kwashe 'ya'yansu daga makarantu a kudu maso gabas. Don haka kada baƙo ya taɓa ɗan yatsan yaro kafin a zauna da iyaye. A bi ta fadar Mai Martaba Ona na Abaji, Alhaji Adamu Baba Yunusa, da sauran sarakuna da hakimai da masu unguwanni. A sanar a masallacin Juma'a da coci. A kira taron iyaye da malamai a nuna musu kayan gwajin su taɓa da hannunsu. Wanda ya ce a'a a ƙyale ɗansa, a ci gaba da lallashi. Kuma sakamako amana ne. Kada a kira sunan mai tsargiya ko mai sikila a taron safe. 'Yan mata mace ce za ta duba su, a ɗaki, ƙofa a rufe.

Kada kuma a manta da waɗanda ba sa cikin rajistarmu. Almajiran tsangaya, 'yan islamiyya, 'ya'yan Fulani na makarantun makiyaya, da 'yan tallan bakin titi, rafi ɗaya suke shiga da ɗalibaina, sauro ɗaya ke cizonsu. Alarammomin da na sani ba za su ƙi a duba almajiransu ba in an je musu da ladabi, an gaishe su, an nemi izini. Ƙauyukan da matsalar tsaro ta sa ma'aikata ke ɗari-ɗarin zuwa su ma a nema musu dabara, ko da a haɗa yaran ne a makarantar da ta fi kusa ranar kasuwa.

Na san abin da za a ce: ina kuɗin? Malaman firamare na ƙananan hukumomin Abuja shida sun yi yajin aiki daga Maris zuwa Yulin 2025 kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, yara suka yi fiye da wata uku a gida. Wanda ake fama da shi kan albashi, ta yaya za a ƙara masa aiki? Tambaya ce mai nauyi, kuma amsata ita ce a biya malami haƙƙinsa, a kuma ba shi ɗan alawus na kwanakin gwajin, domin aikin da aka ɗora wa mutum kyauta shi ne ke fara mutuwa. Amma a duba kayan da ake buƙata: kwali, sikeli, tef ɗin awo a bango, katin takarda, tsinken gwajin fitsari, man babur ɗin malamin asibiti. Maganin tsutsa da na tsargiya sadaka ne. Mai tsadar shi ne gilashi da jigila da jinyar 'yan ƙalilan, kuma nan ne ya kamata ƙungiyoyi da masu hannu da shuni su zuba kuɗinsu, maimakon rumfa da kyalle. Abuja tana da hukumar inshorar lafiya. A sa yaran da gwaji ya nuna suna da ciwo mai ɗorewa, irin su sikila da farfaɗiya da asma, a cikin rukunin marasa galihu da ake biya wa.

Kirana ga shugaban ƙaramar hukuma da kansilolinmu goma, da sakataren ilimi, da shugaban sashen lafiya, da hukumar ilimin bai-ɗaya da ta lafiya a matakin farko ta Abuja: ku ware wa wannan aiki layinsa a kasafin kuɗi, ku fara ko da da mazaɓu biyu ne, ɗaya ta cikin gari ɗaya ta bakin kogi. A ƙarshen kowace shekarar karatu ku liƙa takarda a sakatariya da ƙofar kowane asibitin mazaɓa, ba sunan yaro ko ɗaya, mai ɗauke da lambobi uku: yara nawa aka duba, nawa aka samu da matsala, nawa daga cikinsu aka yi wa magani har suka warke ko suka sami gilashi. Lamba ta ukun ita iyaye za su riƙa tambayarku a kai.